Motar da Za Ta Ɗauki Ƙafafun Masatsugu

Kamitani, farkon Nuwamba

Tomie ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ganyen kan dutse ya gama ja ya fara zuba, sanyi kuma ya shigo da wuri bana. Ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi, kina shan magani yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. Ni ƙugun da na faɗi a kansa bara yana nan, yana sanar da ni zuwan ruwa tun kafin rediyo ta faɗa. Ƙauye yana yadda kika san shi, sai dai an ƙara rufe gidaje biyu.

Ga dalilin wasiƙata. Kin san ɗana Masatsugu. Tun rasuwar uwarsa Kinue, in ya bugo waya a sabuwar shekara to ya sauke nauyi. Amma a watan nan sai kira yake yi. Ya tambaye ni faɗin hanyar da ta hau zuwa kaburburanmu, ko mota tana kaiwa har sama, ko akwai wurin juyawa. Ya ce zai ɗauki dogon hutu ya zo idan ƙanƙara ta narke. Bayan haka malamin haikali ya tsaya a ƙofata ya ce sun yi doguwar magana da shi, bai ƙara komai ba.

Rayuwata kaf na yi ta ina koya wa yara su ga abin da ke ƙarƙashin magana. Mutum ya doshi hamsin, aurensa ya mutu, ba zai riƙa tambayar hanyar kaburburan kakanninsa don nishaɗi ba. Gida zai dawo, Tomie. Nauyin baki ne ya hana shi faɗa, ni kuma ba zan matsa masa ba.

To amma da me zai yi yawo? 'Yar a-kori-kurata ko ni sai na naɗe kafin in shiga, shi kuwa ya ɗara ni da taƙi guda. Zuwansa na ƙarshe ya tuƙa ta zuwa tasha gwiwoyinsa na neman kunnensa. Bai yi ƙorafi ba, amma na ga fuskarsa. Ina so in sayi ƙaramar jif da za ta hau dutsen nan ko cikin hunturu. Babba ba za ta yiwu ba, don 'yan sanda ba za su ba ni takardar wurin ajiya ba sai sun auna rumfa, rumfar nan kuwa don amalanke Baba ya gina ta.

Dillalin garinmu ba shi da komai sai takardun hotuna, kuma kowace takarda cewa take motarta faɗi ne da ita kamar fadama. Ke da kike Sakai, ki je ki gani da idonki. Na san in kin zauna a kwandon keke ma sai wuri ya ragu, shi ya sa na saka miki baƙin wandonsa na bikin gama makaranta a cikin wannan ƙunshin. Ki shimfiɗa shi a kujerar direba. Ki duba min kai da rufi, gwiwa da sitiyari, da kuma gwiwar hagu, ko tana gogar tudun giya. Awon rumfar yana bayan wannan takarda.

Kada ki gaya masa.

Yayanki,
Hisanori

Sakai, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Nan sanyin bai kai naku ba. Gwiwa tana nan, na daina hawa bene, a ƙasa nake kwana yanzu. Na gode da busassun laimar kwaɗi da ka cusa a aljihun wandon, sai da na zazzage su a gaban mutane na san suna ciki.

Ka mai da ni abin kallo, Yaya. Na shiga wurin sayar da motoci da wando a hannu, wani saurayi mai kwat ya rusuna, ya dube ni, ya dubi wandon, ya ce, “Inna, mai wandon yana tafe ne?” Na ce masa mai wandon yana wurin aiki, wandon ne kaɗai ya samu hutu. Ya sake rusunawa kamar na faɗi abin hankali. Da ya ga wando ba ya iya taka birki, sai ya shiga baya ya fito da wani makanike zanƙalele mai suna Gondo. Muka kara wandon a ƙugunsa, ya zo daidai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar hutunsa ma shi ya raka ni sauran wuraren, na saya masa taliya kwano biyu.

Uku muka gwada. Fara tana da rufi mai tsawo, har hula Gondo zai iya sawa, amma kujerar ba ta ja baya sosai, gwiwoyinsa suka sa sitiyari a tsakiya kamar mai tatsar saniya. Shuɗiya ta fi kyau, ni ita raina ya so, tana da tagar gilashi a sama. Ashe tagar nan tana cin wuri, gashinsa sai sharar rufi yake yi, ya ce in aka faɗa rami ɗaya zai san sunan kakansa. Ta uku ruwan toka ce, mummuna, kamar an ɗora akwati a kan tayoyi. Amma kujerarta tana ja baya, tana kuma sauka ƙasa, sitiyarin yana jawuwa zuwa ƙirji, mazaunin kuma dogo ne, yana tallafe cinya. Gwiwar hagu ba ta taɓa komai ba. Gondo ya zauna ya ce tun da yake bai taɓa miƙe ƙafa a ƙaramar mota ba sai yau. Sai dai ta ɗan fi awon rumfarka faɗi. In ta shiga, ƙofa ba za ta buɗu ba.

Yanzu bari in tambaye ka, kada ka yi fushi. Masatsugu ya faɗa maka da bakinsa cewa zai dawo? Ka ɗan dakata da sayen. Zai zo cin abincin ƙarshen shekara a wurina kamar kullum. Ba zan ta da maganar mota ba, zan dai saurare shi.

Ƙanwarka,
Tomie

Kamitani, tsakiyar Disamba

Tomie,

Na samu wasiƙarki. Ƙanƙarar farko ta sauka. Lafiyata ƙalau. Ki miƙa godiyata ga Gondo.

Mai ruwan tokar zan saya. Muninta bai dame ni ba, babu wanda ya rage a ƙauyen nan da zai kalle ta. Maganar faɗi kuwa na gama da ita. Na sa an rushe bangon da ke tsakanin rumfa da ɗakin da Kinue ke ajiye randunan miso, daddawarta ta waken suya. Randunan na fitar da su bayan gida na kife. Akwai ɗaya da ragowar na shekarar da ta kwanta ciwo, ya yi baƙi ƙirin. Na ɗanɗana, bai lalace ba.

Kin tambaya ko ya faɗa da bakinsa. Tun kina yarinya haka kike, in an nuna miki wata sai ki tambayi wa ya rataye shi. Ni na faɗa wa Baba da bakina? Ina Kyoto, malamina ya riga ya ce in zauna a jami'a in ci gaba da aikin tsofaffin rubuce-rubuce, sai ga saƙo Baba ya kwanta. Ba wanda ya roƙe ni, ni ma ban yi wa kowa alkawari ba. Na ɗaure littattafaina na hau jirgi, don ni ne babba, gida da kaburbura nawa ne. Abokan karatuna sun yi suna, ana ta buga littattafansu, wasu ma ni na riƙa gyara musu jimla. Ni na ƙare ina goge majinar 'ya'yan manoma a makarantar da yanzu aka mai da ita wurin ajiye taki. Ban ce na ji daɗi ba. Amma haka mazan gidan nan suke dawowa, ba surutu.

Ki ciyar da shi da kyau. Ki duba min ko ya rame.

Hisanori

Kamitani, ƙarshen Janairu

Tomie,

Ina fatan lafiya. Katin sabuwar shekararki ya iso, bugun inji, ko layi ɗaya ba ki ƙara da hannunki ba. Na ɗauka gwiwar ce, sai na tuna ba da gwiwa ake rubutu ba. In maganar wanda ya rataye wata ce ta ɓata miki rai, ki bar ta ta wuce, kin san bakina.

Ɗan sanda ya zo ya auna rumfa, ta wadatar. Na sa hannu wurin dillali, motar za ta iso cikin Maris. Na share ɗakin sama, na sake takardun ƙofofi, na ɗaga katakon saman ƙofar da yake buga goshi a kai tun yana sakandare. Da ma na yi haka tun tuni.

Ya zo cin abincin? Me ya ce? Ko da bai ce komai ba, ki faɗa min yadda ya yi shirun.

Yayanki

Sakai, Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Na fara wasiƙar nan na yaga ba sau ɗaya ba.

Ya zo. Bai rame ba, furfura ce ta fito masa a gefe. Muna cikin ci na tambaye shi hutun da zai ɗauka. Ya ajiye tsinken cin abinci ya faɗa min. Ba dawowa zai yi ba, Yaya. Rufe kaburburan yake so a yi. Faɗin hanyar da ya tambaya don motar masu sassaƙa dutse ce, wadda za ta sauko da duwatsun. Maganarsa da malamin haikali ta addu'ar da ake yi kafin a ɗaga su ce. Ya samo wuri a wani ginin ajiye ƙasusuwa kusa da gidansa a Osaka, inda za a kai Baba da Inna da kakanni da Kinue. Ya kuma gyara maka ɗaki a gidansa.

Na ce masa me ya sa bai gaya maka ba. Ya ce, “Gwaggo, ta waya zan ce masa a tone Mama? Sai ina gabansa.” Ya ce tun da ka faɗi a can sama ka yi rabin yini a kwance kafin a gan ka, duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi.

Na karya maka alkawari. Na ɗauko wandon na ajiye a gabansa, na ba shi labarin Gondo da motoci uku da bangon da ka rushe. Na zaci zai yi dariya ko a wurin taliya. Ya ɗauki wandon ya fita baranda cikin sanyi, har abincin ya huce bai shigo ba. Da zai tafi ya roƙe ni kada in rubuta maka, shi zai faɗa. Na yi ta jira ya faɗa, kai kuma kana can kana ɗaga katako.

Ga abin da zai fi ɓata maka rai. Ina bayansa. Rabona da kabarin Baba da Inna tun kafin gwiwar nan ta kama ni. Duk bikin Bon na tunawa da mamata sai dai in kunna turare ina fuskantar yamma kamar wata bare. Ni ma 'yarsu ce, Yaya. In suna Osaka, jirgi ɗaya zan hau.

Ba abin da za a taɓa sai da hatiminka, kai ne mai kabari. Wataƙila dillalin zai yarda a fasa motar in ka yi sauri.

Tomie

Kamitani, farkon Maris

Tomie,

Ƙanƙara ta fara narkewa. Ina lafiya, tunda kuna son sani.

Na san irin ginin. Na gani a talabijin. Mutum ya sa kati a inji, a jira, sai inji ya zaro masa uwarsa daga cikin dubban akwatuna ya kawo ta taga, ya rusuna, inji ya mayar. Haka ake ajiye motoci a Osaka. Ashe abin da na bar Kyoto dominsa ke nan. Da an faɗa min tun ina saurayi cewa ana iya naɗe kakanni a kai su birni, da ni ma na naɗe su a cikin littattafaina.

Na karanta wasiƙun mutanen da suka mutu shekaru dubu na gane nufinsu, na kasa gane tambaya uku daga bakin ɗana. Ki yi dariya, ke da Gondo.

Ba zan fasa motar ba. Hatimi kuma yana cikin aljihun tebur, a nan zai zauna. Ki gaya masa ya zo in yana so, hanya a buɗe take, ya ma san faɗinta.

Hisanori

Kamitani, ƙarshen Afrilu

Tomie ƙanwata,

Bayan gaisuwa. An fara sakin ruwa a gonakin da suka rage, kwaɗi sun dawo. Wasiƙunki biyu sun iso, ban amsa ba. Na san ya ba ki labari, amma ina so ki ji daga wurina.

Ya iso da rana, ya buga sallama kamar baƙo. Na miƙa masa makulli na nuna rumfa. Ya shiga motar, ya ja kujera baya har ƙarshe, ya sauke ta, ya jawo sitiyari. Ya miƙe ƙafa. Tsakanin kansa da rufi hannuna ya shige a kwance. Kun iya zaɓe. Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu ya ce, “Ta yi, Baba,” bai dube ni ba.

Na ce mu hau sama. Nufina ya ga wurin da idonsa ya ji kunya. Motar ta hau kamar ba dutse ba. Amma rabona da can tun kaka, abin da ban gaya miki ba, ƙugun ba ya barina. Aladun daji sun tone gefen kabarin Kaka, dutsen fitila ya kife. Kabarin gidan Moriwaki da ke kusa da namu gora ta fasa ta tsakiyarsa ta fito, ta fi ni tsawo. Na san ɗansu, ni na koyar da shi, yaron kirki ne, shi ma ya yi niyyar dawowa.

Muka gyara abin da za mu iya, muka zuba ruwa, muka kunna turare. Na shirya maganganu da yawa, na jera su tun Maris. Shi ya riga ni. Ya ce, “Baba, ba ni da ɗa, ba kuma zan samu ba. Ko na dawo, jinkiri kawai na yi musu. Bayana wa zai hawo? Ni ma wa zai kawo ni nan kusa da ku?”

Duk lissafin da na yi, a kansa na tsaya. Ban taɓa duba bayansa ba. Da muka sauko na buɗe aljihun tebur.

Bayan 'yan kwanaki malamin haikali ya zo ya yi karatunsa, ya ce yanzu duwatsun duwatsu ne kawai. Masu sassaƙa suka ɗaga su kafin azahar, abin da aka yi ƙarni ana gogewa. Tulunan ƙasusuwan kakanni duk ruwa ya cika su, suka tafi da su za su busar su aiko. Na Kinue ni na karɓa. Na karkata shi a hankali ruwan ya tsiyaye a kan ciyawa, na goge shi da hannun rigata, muka naɗe shi da farin ƙyalle. Ita zai tafi da ita a jirgi da kansa.

Ya sake roƙona in bi shi. Na ce a'a. Ban san abin da nake tsaro yanzu ba, amma a'a na ce. Na dai yarda in raka su tasha in dawo da motar.

A bakin rumfa ya buɗe min ƙofar gaba. Na ce uwarka ce a gaba, ba ta taɓa shiga sabuwar mota ba. Muka zaunar da ita, ya zagaya mata bel. Ni na shiga baya. Da zan zauna bayanta, inda akwai wuri, amma jakarsa tana can, sai na zauna bayansa. Kujerar da aka ja har ƙarshe ba ta barin komai a bayanta, Tomie. Gwiwoyina suka nutse a jikinta. Kowace kwana muka sha, ina jin nauyin bayansa yana dannowa a kansu, ina jin lokacin da ya ja numfashi. Rabon da jikina ya taɓa nasa tun ina ɗora shi a wuya zuwa kallon wasan wuta.

Mun wuce gada ya dube ni ta madubi ya ce, “Baba, na matse ka. Bari in ja gaba.”

Na ce masa ya bar ta yadda take, ya kuma rage gudu.

Ki je ki gaishe da su Baba idan sun iso. Ki faɗa min ko tagar tana da tsabta.

Yayanki,
Hisanori